Ma'auni ma sai an auna shi

A ajinmu na kimiyya a Gazawa, mun haɗa na'urar auna rezistans da batir, wayoyi biyu da agogon allura na tsohuwar rediyo. Kafin kowane awo, ɗalibaina kan haɗa bakin wayoyin, su murɗa maɓalli har allura ta hau sifiri, domin ƙarfin batir raguwa yake yi. Sannan su gwada rezistans mai zobba ruwan ƙasa, baƙi, ja da ruwan zinariya: om 1000 ne. In awo bai faɗa tsakanin 950 da 1050 ba, na'urar muke tuhuma.

Iyaye, mai sayen gero yakan duba tiya kafin a zuba masa. Haka nake son yaranmu su tashi, kada su gaskata lamba don kawai na'ura ce ta nuna.