Duniya Juyi Juyi da Masu Sukarsa

A shekarar 2011 aka fito da fim ɗin Duniya Juyi Juyi a Kano. Almajirai tara ne suka tsara labarin, suka fito a ciki, suka kuma riƙe kyamara, tare da taimakon Hannah Hoechner, wata mai bincike Bajamushiya, da cibiyar Goethe. Labarin Aminu ne, yaron da aka turo birni karatun allo, ya sha yunwa da wulaƙanci a gidajen da yake yi wa aikatau.

Duk lokacin da na nuna wa ɗalibaina shi, ajin yakan rabu biyu, kamar yadda masu sharhi suke rabuwa a kan irin waɗannan finafinai. Wasu su ce an tallata talaucinmu ga Turawa. Wasu kuma su ce an yi wa tsarin almajirci kwaskwarima, tunda malamai da iyaye sun fita da mutuncinsu. Fim ɗin Capernaum na Nadine Labaki, wanda ya ci kyautar alƙalai a bikin Cannes a 2018, shi ma bai tsira daga zargi na farko ba.

Ni dai a ganina, duka ɓangarorin sun tsallake abu guda: su wa suke magana. A Kadawa na tashi, inda ruwan madatsar Tiga ya mayar da rani lokacin aiki. Na ga almajirai suna tsinkar tumatir tun hantsi, suna ɗaukar kwanduna zuwa bakin titin Zariya, a biya su abin da bai taka kara ya karya ba. Ban taɓa jin ɗayansu ya kuka da allo ba. Kukansu a kan mai gona ne da ya hana haƙƙi, da uwar gida mai miƙa ɗumamen da ya lalace.

Wannan ƙarar ce fim ɗin ya shigar, kuma mu masu kallo ne ake tuhuma. Gaskiya ne yaro ba zai iya sukar malaminsa a bainar jama'a ba, don haka shaidarsa ba ta cika ba. Amma rashin cikar shaida bai sa ta zama ƙarya ba. Mai sharhin da ya karkatar da zancen zuwa ga Turawa ko malamai ya sama wa kansa mafita ne kawai. Kafin mu yanke wa fim ɗin hukunci, ya kamata kowannenmu ya tambayi kansa nawa ya biya yaron da ya ɗebo masa ruwa jiya.