Tsohuwar Ma'aikatar Siminti ta Kalambaina

Wanda ya je Sakkwato bai leƙa Kalambaina ba, da sauransa. Da muka bar gari muka nufi yamma, tun daga nesa muka hango dogayen rumbunan siminti, ga manyan motoci a jere suna jiran lodi.

An kafa kamfanin a 1962, ya soma aiki a 1967, yana yin tan 100,000 a shekara. Dutsen farar ƙasa da ke shimfiɗe a wurin shi ya jawo shi nan. A 1985 aka ƙara sabon sashe, a 1986 aka rufe na farko domin kuɗin da yake ci ya yi yawa.

Ma'aikatu da yawa a Arewa sun zama kango. Dubi masaƙun Kaduna, yadda suka rufe, magidanta suka rasa abin ciyar da iyali. Kalambaina kuwa ta tsira. Kamfanin BUA ya karɓe ta, ya buɗe sabon sashe a 2018, da wani mai tan miliyan 3 a 2022.

Jama'a, da tsohuwar zuma ake magani. Ma'aikatar da ke kulle a garinku, wa zai tashe ta?