Haƙar harsashi a Idu

Da asuba na bar Zariya don in riski jirgin safe a Rigasa. Kawuna ne ya kira ni Abuja. Yana da sito a Idu inda yake tara citta da riɗi kafin a wuce da su Legas, yana son ya ƙara ɗakuna biyu da wurin injin tankaɗe, ya ce in zo in riƙe masa lissafin kayan gini. Layin dogon ka san shi: wanda aka buɗe a watan Yulin 2016, kilomita 186 daga Rigasa zuwa Idu. Hazon hunturu ya rufe dajin Rijana, da ƙyar ake gane itatuwa. Bayan Jere duwatsu suka fara tasowa, kuma daga Kubwa sai ka ga dutse ta kowace taga. A lokacin kallo kawai nake yi, ban san duwatsun nan za su shiga maganar aikinmu ba.

Idu ba ita ce Abujar da kake gani a talabijin ba. Tashar babba ce, a nan jirgin Kaduna yake haɗuwa da ƙaramin jirgin cikin gari da aka buɗe a 2018, amma da ka fita sai masana'antu, dogayen katangu, tireloli da jar ƙura. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, tana nan. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni Bagwari ne, ya nuna mini hanyar Karmo da hannu ya ce can ne mafi yawan leburorin unguwar suke kwana.

Na iske leburori zaune a inuwar katanga, diga da shebur a jingine, igiyar harsashi a ɗaure, ba wanda ya sari ƙasa. Kawu yana ta kai da kawo.

"Kawu, lafiya aka tsaya?"

"Injiniya ne ya hana. Wai sai ya saurari ƙasa tukuna."

Injiniyan matashi ne, mutumin Bida. Ya zo da wata na'ura mai hannu, tsawonta ya kai gwiwa, yana tafiya da ita a hankali, ya bi filin a tsaye ya sake bin sa a kwance. Ya ce in wuta tana gudu a cikin kebul da aka binne, na'urar tana jiyo ta daga sama ta yi ƙara. Muka yi tsit. Ba ta ce komai ba. Shugaban leburori ya miƙe ya ɗauki diga, injiniya ya ɗaga masa hannu.

"Oga, dakata. Tun hantsi babu wuta a layin nan. Kebul ɗin da ba ya ɗauke da wuta shiru yake yi, kuma ba a sallama kafin a dawo da ita."

Maganar nan ta tsaya mini. Mu da muka saba da ɗaukewar wuta, ban taɓa kawo wa raina cewa ɗaukewar tana ɓoye haɗari ba: mutum ya sari waya da safe bai ji komai ba, da azahar tana hannunsa a dawo da wuta.

Sai ya ɗauko wani ɗan akwati, ya je inda kebul ya fito daga ƙasa kusa da allon mita, ya maƙala masa. Akwatin yana tura tasa siginar cikin kebul ɗin ko babu wuta. Nan take na'urar ta kama ƙara, ya riƙa bin ta yana fesa jan fenti. Layin ya taso daga wajen taransifoma, ya karkace, ya ratsa daidai kusurwar da za a kafa ginshiƙi. Wanda ya sayar wa Kawu wurin bai bar masa zanen komai ba. Injiniya ya ce na'ura ma ba a ba ta amana duka, bututun roba ba ta jin sa, zurfin da take faɗa kuma kintace ne. Ya sa aka kashe wutar daga tushe, aka yi ramukan gwaji da shebur, a gefen layin, ba diga ba ƙarfen haƙa. Da aka yi ƙasa kamar rabin mita sai ga ledar gargaɗi ta ruɓe, ƙarƙashinta jerin bulo, sai yashi, sai baƙin kebul mai sulken ƙarfe, kaurinsa ya kai wuyan hannu. Ya ce a Amurka lamba ɗaya ake bugawa, 811, kafin a haƙa rami, masu wuta da ruwa da gas su zo su sa alama. A nan mai gini ne zai nemi AEDC, kamfanin rarraba wutar Abuja, ya kai zanensa sashen kula da gine-gine na birnin, abin da ke cikin harabarsa kuwa shi zai nemo shi da kansa.

A rami na biyu aka ga wata siririyar waya mai launin kore da ɗorawa. Ita ce ta fi cin lokacinmu. Aka bi ta har inda ta ƙare a kan sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, maɗaurin ya ci tsatsa, saura ƙiris ya rabu. Atin ɗin siton gaba ɗaya ke nan, kuma da an bi igiyar farko da an zuba masa kankare a ka.

Kawu ya ce, "Injiniya, wannan 'yar wayar ai ba ta ɗaukar wuta."

"Ranka ya daɗe, ran da ta ɗauka, ran nan ta ceci rai."

Ya bayyana mana a tsaye. Wutar da ke shiga gida volt 230 ce. In rigar waya ta kwaɓe a cikin inji, ƙarfen jikin injin ya ɗauki wuta, yana jiran wanda zai taɓa. Wayar atin ita ce take ba wutar hanyar wucewa da ta fi jikin mutum sauƙi, kamar yadda ake yi wa ruwan sama kwata don kada ya ci bango. Amma sanda ita kaɗai ba ta isa ba. Dole a sa makashin da ke lura da yoyon wuta, wanda yake yanke layi da ya ji miliamfa 30, kafin ƙiftawar ido. Janareto ma a haɗa shi, haka tankin ƙarfe da famfon burtsatse.

Tunanina ya koma gida. A cikin birnin Zariya in za a yi wa yaro aure sai a ta da ɗaki a zaure na biyu, a jawo waya biyu daga ɗakin kusa, ta ukun a ce tsada. Mun saba cusa tsinke a ramin sama na soket don fulogi mai ƙafa biyu ya shiga, alhali ramin nan shi ne na atin. Firij yana ɗan ja, sai a ce wa yara su sa silifa. Na san gidaje da yawa haka, kuma mata da yara ne suke yini a cikinsu da jiƙaƙƙen hannu. Akwai hukuma, NEMSA, da dokar 2015 ta ɗora wa duba haɗin wuta da ba masu aikin takardar ƙwarewa, amma ɗakin ango a lungu ba ya zuwa gabanta.

Washegari aka nemi wurin sabon ramin atin a wajen ginin. A nan duwatsun Kubwa suka dawo: sanda ta shiga kaɗan ta ci karo da dutse, aka matsa, ta sake tsayawa. Sai can bayan sito, inda ruwan wanki yake gangarawa, ta nutse. Injiniya ya kafa ƙusoshi biyu nesa da juna, ya ja musu waya zuwa ma'auni. Lambar ta yi sama da yadda yake so, aka ƙara sanda ta biyu da tazara aka haɗe su. Shugaban leburori ya kawo shawarar gawayi da gishiri, yadda ake yi a wajenmu. Injiniya ya ce gishiri yana saukar da lamba a yau, amma damina tana wanke shi, kafin nan kuma ya ci ƙarfen. Ya fi son wani yumɓu da ake kira bentonait, mai riƙe laima. Ya ƙara da cewa awon rani shi ne na gaskiya, domin da damina kowace ƙasa tana nuna kirki.

Aka gina wa ramin ɗan akwatin siminti mai murfi don a riƙa buɗewa ana aunawa. Kawu ya yi jim a kan kuɗin, sannan ya ce a matsar da bangon taki biyu yamma, a bar kebul a wajen gini. Injiniya ya zana hanyar kowace waya a takarda, da nisanta daga katanga, ya ba ni in yi kwafi uku: ɗaya na Kawu, ɗaya a manna cikin allon mita, ɗaya a haɗa da takardun fili. Da la'asar birkila ya sake jan igiya, leburori suka fara haƙa.