Zambon rap ɗin Hausa, wa yake duka?

1/ Jama'a ku matso, zare ne. Masu cewa rap ɗin Hausa ihu ne kawai, ina da magana da ku. Masu yin rap ɗin ma kar ku gudu, har da ku.

2/ Ba'a a cikin waƙa gadonmu ce. Tun kafin situdiyo akwai 'yan gambara a kasuwanni, akwai 'yan kama masu kwaikwayon karatun malamai suna cusa sunayen abinci. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ɗaya yake sa ka dariya, sai ka koma gida ka gane da kai yake.

3/ Rap ya ɗora ne a kan wannan. Lokacin da hukumar tace finafinai ta Kano ta matsa wa mawaƙa, Ziriums ya saki "Girgiza Kai": tunda an hana rawa, to a girgiza kai mana. A 2009 kotu ta haramta waƙoƙi 11, har da ita. Da shirme ce wa zai kula ta?

4/ A Indiya ma haka abin yake. Baba Sehgal ya yi suna da rap na barkwanci tun 1992, sannan fim ɗin Gully Boy na 2019 ya nuna yaran unguwannin talakawan Mumbai suna amayar da ɓacin ransu da waƙa.

5/ A nan Kaduna, DJ AB ya nuna Hausa tana ɗaukar raha a kan kiɗan zamani. Har a garinmu Nasarawan Doya yara sun haddace waƙoƙinsa.

6/ Abin da ke ci min rai shi ne wasu sababbin mawaƙan. Duk zambonsu a kan ɗan ƙauye yake: bagidaje, bai iya Turanci ba, takalminsa duk taɓo. A makaranta in aka kunna irin waƙar nan, mu ake waigowa a kalla.

7/ Malam, mutumin da kake wa dariya shi ya noma raken da ake lodawa daga Makarfi kana sha a birni. Taki ya yi tsada, hanyar gona ta lalace, ga wanda ya karɓi ƙuri'arsa ya ɓace. Duk ba ka ga abin zambo a nan ba?

8/ Zambon mai ƙarfi yana buƙatar zuciya, na talaka kuwa kowa ma zai iya. Ku ajiye min sunan mawaƙin da kuka ji ya taɓa manya da ba'a a bana, in je in saurara.