Mikiron Wuya da Jar Akuyar Inna

Akuyar da na sayar ja ce, kuma ba tawa ba ce ni kaɗai. Inna ta ba ni ita tun ina ƙaramin aji, ta ce in na ci bak, kuɗin rajistata a Maraɗi na cikin cikinta. Na kai ta kasuwar Sakabal ba da sanin Inna ba, saboda wani ɗan abu mai girman akwatin ashana biyu da ake ɗaurawa a gita.

Mu yaran Rumbu a katin waya muka fara jin gita. Bombino na Agadas, Tinariwen, sai Mdou Moctar, bahagon nan da ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke. Tawa tsohuwa ce, ta hannu ta uku ko ta huɗu, mai mikiro uku sirara. Mikiro, ga wanda bai sani ba, mayen ƙarfe ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ke jin motsin tsirkiya ya kai wa ampili. Matsalar sirirai, ba tsirkiya kaɗai suke ji ba. Da an tada gurup a wurin biki, sai ka ji zzzz kamar an buɗe amya. Ga shi bikin yayata saura wata guda, kuma na riga na cika baki a gaban ƙawayenta cewa ni zan yi kiɗa.

Maganin shi ne hambaka: naɗi biyu gefe da gefe, ɗaya a juye, don hayaniyar kuran da wannan ya kwaso wancan ya kashe ta. Wani injiniya, Seth Lover, ya ƙera shi a kamfanin Gibson na Amurka a 1955. Ni a wuya nake son sa shi, don can tsirkiya ta fi lilo, murya ta fi kauri da taushi. Amma can ne kuma take saurin zama kunu.

Mai shagon da na je a Maraɗi ya ajiye min biyu. Ya tura ɗaya gabana ya ce, "Samari, wannan ne mai ƙarfi, har Dakwaro za a ji ka." Wallahi na kusa biya. Abin da ya tsai da ni wani tsoho ne mai gyaran rediyo a rumfar gefe, da ke sauraronmu yana shan shayi. Ya ɗauko na'urar awonsa ya dafa wayoyin. Na farko ya nuna kilo-om 16, na biyu 8 ba kaɗan.

"Ɗana, me kake kaɗawa?"

Na ce, "Baba, waƙoƙin gida."

"To ɗauki ƙaramin. Naɗi in ya yi yawa ƙara yake ƙarawa, amma saman murya yake ci. Kalangu da ƙarfi yake magana?"

Tambayar nan ce ta bi ni har mota. Harshenmu hawa da sauka ne. Mai kalangu yana matsa tsirkiya ya saki, ka ji sunanka da na kakanka ba tare da an buɗe baki ba. Gurmi ma haka. In sauti ya manne da ɗan'uwansa, waƙar ta tashi daga magana ta koma guguwa. Masu kiɗan da ke son ampili ya yi ruri suna da hujjarsu, ban raina su ba. Ni dai so nake in taɓa tsirkiya shida a ji shida.

Sawa ma wani aiki ne. Ramin gitar bai isa ba, sai da kafinta ya faɗaɗa shi da kurfi, ina tsaye ina jin kamar ƙashina ake sassaƙa. Na haɗa, na kunna. Zzzz ɗin ya mutu, amma muryar kamar an rufe ta da bargo. Ranar ban ci tuwo ba. Akuya ta tahi, gita ta shaƙe. Da safe na kira tsohon. Ya yi dariya ya ce maɓallin ƙarar da ke ciki na 250 ne, na sirirai, hambaka na 500 yake so. Ya ce kuma in sassauta kusoshin gefe mikiron ya ɗan nutse, musamman ɓangaren tsirkiyoyi masu kauri. Maɓallin bai kai kuɗin buhun dusa ba. Da na canza na juya kusoshin sau uku, sai ga kowace tsirkiya ta fito da fuskarta.

Inna ta gane tun kafin biki. Wa zai ɓoye akuya a gidan da ake ƙirga su kowace magariba? Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Kwana tara gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Baba kuwa cewa ya yi bai haifi maroƙi ba, ya juya ya ci gaba da alwala.

Daren kamu, gurup na ta ruri bayan zana, na kaɗa waƙar da Inna ke yi in tana niƙa, ba tare da na rera ko kalma ɗaya ba. Wata gwaggona ce ta fara ɗaga kai, sai ta kama amshi, sauran mata suka bi. Inna tana bakin murhu, ta ba ni baya. Na ga ludayin ya tsaya a hannunta.

Kuɗin rajista har yanzu da saura jika goma sha biyu. Na yi biki biyu bayan nan, ina kai mata abin da na samu, tana ƙullewa a bakin zane, ba ta ce komai ba tukuna.