Gaban Goshin Tafiya

Shekaru biyar na ƙarshen aikina na gwamnati, daga 2016 zuwa 2021, a jirgin ƙasa na yi su tsakanin Kaduna da Abuja. Iyali suna Tudun Wada, aiki yana Abuja. Litinin da asuba in fita, Juma'a da dare in dawo. Kafin zuwan jirgin a mota nake wannan zirga-zirga, kuma ba a daɗe da fara shi ba masu garkuwa da mutane suka addabi hanyar mota a wajejen Rijana da Katari, kowa ya dawo dogo. Sai ka ga ɗan majalisa da hafsan soja da mai sayar da atamfa a tarago ɗaya, wani babban ma a tsaye yake.

Ranar da Shugaba Buhari ya buɗe layin a watan Yulin 2016, na ce wa maiɗakina wahala ta ƙare. Kilomita 186 daga Rigasa zuwa Idu, babu rami, babu shingen bincike, mutum ya jingina ya yi gyangyaɗinsa. Ta ce Allah ya sa. Duk lissafina a Idu ya tsaya, kamar teburina yana jirana a bakin tasha.

Mu da muka tashi da tsohon dogo ne wannan kuskure ya fi kamawa. A Zariya tasha tana Sabon Gari, kana sauka ka taka da ƙafa ka faɗa kasuwa. A Kano, inda dogo ya isa a 1911, kantuna da kamfanonin sayen gyaɗa a jikin tasha suka tsiro. Kafanchan kuwa dogo ne ya raya ta. Yayana da ya yi aikin masaƙa a Kakuri, kekensa Raleigh ya ishe shi zuwa ko'ina, har da ɗauko baƙo daga tasha da akwatinsa a baya. Yanzu abin ya juya: ana kai tasha bayan gari inda fili yake, a bar gari ya biyo ta a hankali. Ban ce babu hikima a ciki ba, ko banza an rage rushe gidajen mutane da rigimar diyya. Amma kafin garin ya iso, ma'aikaci ne ke cike giɓin da aljihunsa.

Litinin ta farko, jirgi yana tsayawa a Idu na ga mutane sun zuba da gudu, har da masu furfura irina. Na ce a raina wannan wace irin rashin natsuwa ce, na riƙo jakata ina tafiyar dattawa. Ko da na fito, motocin da ke lodin mutum huɗu huɗu duk sun cika sun tafi, sai 'yan shata. Wanda na fara tarar wa ya faɗi kuɗin da ya ninka na tikitina. Na ce, "Haba ɗana, daga Kaduna fa na zo, ban biya haka ba." Ko kallona bai yi ba, ya ce, "To Baba, ka ce wa jirgin ya ƙarasa da kai mana." Na biya.

Litinin ta biyu na ce sai na nuna musu ni ɗan gari ne. Na hau acaba zuwa Karmo, da niyyar in shiga motar haya zuwa Life Camp, daga can Berger, daga Berger in nemi tasi. Acaba ba ya shiga tsakiyar Abuja tun 2006, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan birnin, saboda haka dole tafiyar ta zama gutsure-gutsure. Damina ce, an kwana ana ruwa, kuma farar shadda na saka. Sha ɗaya ta wuce na shiga ofis da jar laka har gwiwa. A wurinmu akwai littafin sa hannu da ake ja wa jan layi da ƙarfe takwas. Maigidana ya yi mini alfarmar ƙarfe goma ranar Litinin, ga shi ita ma na ɓarar. Masinjanmu ya karɓi jakata cikin ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ya aikin gona?" Da na haɗa kuɗin acaba da na motoci biyu da na tasi da na wanki da guga, abin da na rage bai kai na kwanon tuwo ba.

Na gwada sauka a Kubwa, tashar da ke kafin Idu, don ta fi kusa da babban titi kuma motoci sun fi yawa. Wata rana ta yi kyau, wata rana cunkoson Gwarinpa ya cinye ribar. Da aka buɗe ƙaramin jirgin cikin birni a watan Yulin 2018, wanda ke bi ta Idu tsakanin filin jirgin sama da tsakiyar gari, shi ma na hau. Lokutansa ba su zo daidai da nawa ba, kuma ko ya sauke ni a tsakiyar gari sai na sake neman mota. Korona ta zo a 2020 ya tsaya, sai a watan Mayun 2024 ya dawo, lokacin ni na riga na ajiye aiki.

Abin da ya fisshe ni a cikin tarago na same shi. Fuskokin jirgin safiyar Litinin ba sa canzawa sosai. Akwai wani akanta, Bakatafe daga Sabon Tasha, da wata hajiya ma'aikaciyar jinya, da wani yaro lauya da kullum yake barci baki buɗe. Gaisuwa ta zama hira, hira ta kai mu ga gane cewa wuraren aikinmu duk hanya ɗaya ce. Muka haɗa kai mu huɗu muka ɗauki shatar mota ɗaya ta dindindin. Direban da muka daidaita da shi, abin dariya, shi ne mai cewa jirgi ya ƙarasa da ni. Na zaɓe shi ne don mai faɗa maka magana a fuska ba ya cika yi maka ƙarya a waya.

Tsarin ba wuya. Idan jirgi ya wuce Jere sai in kira shi, in ce, "Malam, mun wuce Jere." Ya ce, "Ina nan, Baba." Ba ya shiga layin 'yan lodi, can gefe yake tsayawa, gaban motar yana kallon hanyar fita. Muna zama kusa da ƙofar tarago, kowa da ƙaramar jaka, don mai babban akwati shi ke fita ƙarshe. Minti biyar ɗin nan na farko, wanda na raina a ranar farko, su ne bambancin isa goma saura kwata da isa goma da rabi.

Sharaɗi ɗaya ne ya kusa raba mu. Akanta ya kawo shawarar cewa wanda bai zo ba ran Litinin, ko don hutu ko don ciwo, sai ya biya kasonsa. Na yi gardama sosai, na ce ina aka taɓa biyan kuɗin motar da ba a hau ba. Hajiya ce ta kashe bakina. Ta ce, "Alhaji, ranar da jirgi ya makara awa biyu, mutumin nan yana zaune yana jiranmu, fasinja nawa ya bari suka wuce?" Na yi shiru. A lokacin na shekara talatin ina aikin albashi, wata ya ƙare a biya ni ko na yi ciwo ko na yi hutu, amma ban taɓa kawo wa direba irin wannan haƙƙin a raina ba. Wanda ya jira ka ya sayar maka da lokacinsa ne, ko ka zo ko ba ka zo ba. Tun daga nan na daina ciniki da mai jira, ko mai gadi ne ko ɗan dako.

Akwai kuma abin da kuɗi ba sa saye. Abuja tana da ɓarayin da ake kira wan-cans, masu yawo da mota kamar ta haya, abokan sata zaune a ciki kamar fasinjoji. Wata abokiyar aikinmu ta shiga irinta da yamma tana sauri, suka kwashe mata waya da kuɗin asusu, suka turo ta waje mota tana tafiya. Mai sauri ba ya duba fuskar direba, kuma duk wanda ke bin jirgi mai sauri ne.

Komawa ran Juma'a ta fi zuwa zafi, don ofis yana iya yi maka uzuri, jirgi ba ya yi. In aski ya zo gaban goshi ya fi zafi, in ji mutanenmu. Sau ɗaya na tsaya gama wata takarda da ba ta wuce ta jira Litinin ba, na ce minti goma ne. Muna shiga harabar tashar Idu muka ji ƙahon jirgi, na tsaya da jaka a hannu ina kallon tarago na ƙarshe. A ɗakin da nake haya na kwana, aka yi sunan jikata da safe ba ni. Takardar kuwa sai Laraba aka buɗe ta.

Na yi ritaya a 2021, bayan cika shekara 35 da doka ta yanka. Ranar Litinin 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka tare jirgin yamma da ya taso daga Abuja a kusa da Katari, suka kashe mutane, suka tafi da wasu da dama daji. Jirgin bai sake tashi ba sai 5 ga Disamba. A daren da abin ya faru, ina zaune a tsakar gida da rediyo a kunne, waya ta yi ƙara. Lambar direban nan ce, wanda rabona da shi kusan shekara guda. Ko sallama bai yi ba.

"Baba, kana ina?"

Na ce ina gida. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce ya san na bar aiki, kuma ya san ba na bin jirgin Litinin da yamma, amma dai ya ce bari ya ji muryata. Ya riga ya samu hajiya da akanta. Lauya ne wayarsa ba ta shiga, ko ina da wata lambar tasa? Na tashi na shiga ɗaki neman tabarau da tsohon littafina na lambobi.