Majalisar Garin Ikko da Ƙuri'ar Talaka

Ya ku 'yan makaranta, sa'ad da muke kamarku, in aka ambaci majalisar gari sai mu ce sha'anin manya ne, ba ruwanmu. Sai da muka girma, mai karɓar haraji ya yi mana sallama a ƙofar gida, sa'an nan muka gane ashe tamu rigar ake ɗinkawa a can, ba a kuwa gwada mu ba. Don haka muka so mu ba ku labarin majalisar Ikko, babban birnin Nijeriya na dā.

A shekarar 1915 aka buɗe ma'aikatar ruwan famfo ta Iju, aka aza wa mutanen gari kuɗin ruwa. Suka yi ta gunaguni, gama an sa su biya, ba a nemi shawararsu ba. A 1917 aka kafa majalisar gari, amma duk mutanen cikinta Gwamna ne ya naɗa su. Sai a 1920 aka yarda 'yan gari su zaɓi mutum 3. Ko a nan ma maza masu abin hannu kaɗai ke jefa ƙuri'a. Mai dako da mai tallar kifi suna shan ruwan, suna bin hanyoyin, amma ba su da ta cewa.

Daga 1923 jam'iyyar Herbert Macaulay ta riƙa cinye kujerun nan, har 1938 da ƙungiyar samarin Nijeriya ta kayar da ita. Ka ji amfanin zaɓe: wanda aka ɗora jiya ana iya sauke shi yau ba tare da an zare takobi ba.

A 1950 aka buɗe ƙofa gaba ɗaya. Kowane baligi, namiji ko mace, ya sami ƙuri'a, aka zaɓi wakilai 24, Dakta Olorun-Nimbe ya zama Magajin Gari na farko. Matan kasuwa suka yi layi tare da lauyoyi, ƙuri'ar kowa ɗaya. Mu a Arewa, iyayenmu mata sai a 1976 suka sami wannan dama.

To, kada ku ce magana ta ƙare. A 1953 aka soke muƙamin Magajin Gari. A 1991 aka mai da babban birni Abuja, inda Shugaban Ƙasa ke naɗa minista ya riƙe birnin, jama'a kuwa ƙananan hukumomi 6 suke zaɓa. Abin da aka ba ka yau ana iya rage shi gobe, in ka yi barci.

Saboda haka, ran da ƙuri'a ta zo hannunku, ku tuna shekara 30 mutanen Ikko suka yi tsakanin kujera 3 da kujera 24. Kada ku sayar da ita a kan sabulu ko mudun shinkafa. Ku tambayi mai nema abin da zai yi wa rijiya da kasuwa da makaranta. Allah ya sa mu gane, amin.